Horon iyaye: darasi ɗaya, gidaje daban-daban

Tun daga yunwar 2005, lokacin da cibiyoyin jinyar tamowa na Maraɗi suka cika maƙil da yara, wata magana ta samu gindin zama a ofisoshin Yamai, wai ba rashin hatsi kaɗai ke kayar da yaran Nijar ba, har da rashin sanin uwayensu. A kan wannan magana aka yi ta gina furoje bisa furoje na horon iyaye, aka buga allunan hotuna, aka ɗauki masu faɗakarwa, aka bi ƙauye ƙauye ana tara mata a gindin bishiya. Maganar ba ta rasa ƙamshin gaskiya ba, domin jihar da ake kira rumbun ƙasa ita ce ta fi kai yara asibiti a waccan shekara. Sai dai akwai tambayar da ba a cika yi ba a tarurrukan ƙara wa juna sani: idan aka karanta darasi ɗaya ga matar ma'aikacin gwamnati da matar ɗan ƙwadagon da ke noma gonar wani, wace ce a cikinsu za ta koma gida ta iya aiki da shi, kuma har tsawon wane lokaci?

Darussan kansu ba abin jayayya ba ne. A ba jariri nonon uwa zalla har wata 6, a wanke hannu da sabulu, a kwana cikin sange, a kai yaro rigakafi, a ba shi ruwan gishiri da sukari idan zawo ya kama shi, a ba da tazara tsakanin haihuwa. Daga baya aka ƙara da cewa a riƙa yi wa jariri magana da wasa, a kuma rage duka. Duk likitan kirki zai sa hannu a kan wannan.

Nijar tana cikin ƙasashe ƙalilan da suka auna wannan aiki da ma'auni na gaskiya, kuma ya kamata a yaba wa waɗanda suka yarda a auna su. A 2011, da tallafin Bankin Duniya, gwamnati ta kafa shirin tallafa wa gidaje masu rauni, wanda a lokacin yake ba mace jika 10, wato sefa 10.000, kowane wata har tsawon wata 24. A cikin wasu ƙauyuka aka haɗa kuɗin da horon iyaye: taron gari sau ɗaya a wata, zaman ƙananan rukunoni, da ziyara gida gida. Da yake ta hanyar ƙuri'a aka raba ƙauyukan a jihohin Doso da Maraɗi, an samu damar kwatanta inda aka yi horo da inda ba a yi ba. Masu bincike biyu, Patrick Premand da Oumar Barry, sun fitar da sakamakon a 2020. Inda aka yi horo, halayen iyaye sun sauya ta fuskar ciyarwa, kiwon lafiya, wasa da yaro da kuma kare shi. Abincin yara ya ƙara bambanta. An ga ɗan ci gaba a natsuwar yara da zamansu da mutane. Amma tsayi da nauyin yaran ba su motsa ba, haka ma kaifin fahimtarsu.

Wannan sakamako ya cancanci a tsaya a kansa, domin ya rushe zance biyu a lokaci guda. Ya rushe zancen masu cewa matar ƙauye ba ta ɗaukar karatu, tunda ga shi ta ɗauka, ta kuma yi aiki da shi. Ya kuma rushe zancen masu ganin cewa da zarar an wayar da kan uwa an gama da tamowa. Uwa ta yi nata, jikin yaro bai nuna ba, ke nan abin da ya rage yana wani wuri da darasi bai kai ba: a rijiyar da ake ɗibar ruwa, a rumbun da ke ƙarewa tun kafin bazara, a zazzaɓin damana, a likitar da ke nesa.

Ba a Nijar kaɗai ake wannan muhawara ba. A Turai da Amurka, inda horon iyaye ya fi karkata ga yara masu ƙiriniya da taurin kai, an shafe shekaru ana gardama a kan ko talaka yana amfana kamar mai hali. A Ingila, gwamnati ta buɗe shirin Sure Start a ƙarshen shekarun 1990 cikin unguwannin marasa galihu, amma binciken farko da aka fitar a 2005 ya ba masu shirin kunya: gidajen da ke da ɗan dama-dama sun amfana, alhali yaran ƴan mata masu ƙananan shekaru, da na uwayen da ba su da miji, da na gidajen da babu mai aiki, sun ɗan koma baya. An buɗe ƙofa ga kowa, mai ƙarfin ƙafa ya riga shiga. A 2013, Patty Leijten da abokan aikinta a Holand suka tattara bincike da dama suka gano wani abu mai muhimmanci: idan matsalar yaro ta yi tsanani, talaka da mai hali suna amfana kusan daidai a ƙarshen horo, amma idan aka dawo bayan kimanin shekara guda, gidajen talakawa ne suka fi kasa riƙe abin da suka samu. A 2019 kuma, Frances Gardner ta jami'ar Oxford da tawagarta suka duba bayanan iyalai daga ƙasashen Turai da suka bi wani shiri mai suna Incredible Years, suka iske cewa talauci bai rage amfaninsa ba. Mai karatu zai ce malamai sun saɓa. Abin da za a iya tsinta daga saɓanin shi ne cewa kan talaka ba shi da laifi; bambancin yana fitowa ne wajen wa ya samu halarta, yadda aka tsara horon, da abin da ya tarar a gida bayan masu horo sun naɗe tabarmarsu.

To, me uwa take tararwa a gida a karkarar Tasawa ko Matamai? Binciken ƙasa kan jama'a da lafiya na 2012 ya ba da hoton: mace tana haihuwar yara 7,6 a matsakaici, kashi 76 cikin 100 na ƴan mata an yi musu aure kafin shekara 18, kuma kashi 14 cikin 100 ne kawai na mata ke iya karatu. Macen da ta tashi da asuba ta yi daka, ta tafi rijiya, ta nemo itace, ta kai fura gona, ta taɓa ɗan aiki a gamanarta, ita ce ake gaya wa ta ware lokaci ta zauna ta yi wa jariri hira. Ana ce mata ta sa ƙwai da wake da ganye cikin kunun yaro, alhali ƙwan nan shi ne kuɗin gishiri da sabulun da aka ce ta wanke hannu da shi. Ana ce mata ta gaggauta kai yaro likita, kuma gaskiya ne tun 2006 doka ta ce jinyar yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta ce, amma duk ma'aikacin lafiya ya san yadda jinkirin biyan kuɗin da gwamnati ta ɗauki alkawari ya bar ɗakunan magani fayau na tsawon shekaru, har takardar sayen magani ta maye gurbin maganin.

Duk da haka, talaucin aljihu bai kai talaucin iko nauyi ba, kuma a nan ne masu tsara furoje suka fi yin tuntuɓe. Yarinya mai shekara 16 da ta yi haihuwar fari ba ita ke da ɗanta ba. Al'ada ta ɗora mata kunyar ɗan fari: ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in ta yi a ce ba ta da ta ido. Wankan jego a gidan iyayenta take yi, ƙarƙashin umarnin tsofaffi. Kaka ce ke cewa a ba jariri ruwa saboda zafin rani, ita ke cewa a zubar da dakashi, ita ke yanke ranar yaye idan wani ciki ya shiga, sau da yawa a dare ɗaya, a ɗauke yaro a kai shi wani gari. Makullin rumbu yana hannun miji, izinin fita ma haka. Idan gidan na kishiyoyi ne, uwar da ta ware wa ɗanta abinci na musamman ta jawo wa kanta magana. A tara irin waɗannan ƴan mata a karanta musu darasi, a bar uwar miji da maigida a waje, daidai yake da a yi ciniki da yaron shago a bar mai dukiya. Matar malamin lakkol ko ta ɗan kasuwa, wadda ta yi aji 6 ko fiye, take da ɗan jarinta da bakin magana a gidanta, tana jin darasin nan da safe ta fara aiki da shi da yamma. Haka horon da aka shirya domin rage tazara yake iya ƙara ta, ba tare da kowa ya yi nufin haka ba.

An fahimci wani ɓangare na wannan a Damagaram, inda aka buɗe makarantun mazaje a 2008 da tallafin hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da yawan jama'a. Dabarar tana da kyau, ta kuma bazu zuwa wasu jihohi da ƙasashe maƙwabta. Amma a dubi sharuɗɗan shiga: sai magidanci mai kyakkyawar shaida, wanda tuni matarsa take zuwa likita. Wato an fara da waɗanda suka riga suka yarda, da fatan za su ja sauran. Wani lokaci suna ja. Sai dai mijin da ya fi buƙatar zaman, wanda ke tafiya cin rani Kano ko Agadas wata 6 a shekara ya bar gida ba ko tiya guda, ba ya cikin waɗanda ake kira, kuma ba lalle ne maganar masu rufin asiri ta shige shi ba.

Misalin da ya fi ƙarfafa gwiwa daga Jamaika ya zo. A birnin Kingston, daga 1986, Sally Grantham-McGregor da abokan aikinta suka ɗauki yara 129 da tamowa ta tsumburar, dukansu daga unguwannin talakawa. Wasu daga cikinsu, ma'aikaciyar lafiya tana zuwa gidansu kowane mako har shekara 2, tana zama da uwa, tana nuna mata yadda za ta yi wasa da ɗanta da kayan wasan da aka ƙera daga tarkacen gida. Bayan shekara 20 aka sake neman yaran, kuma sakamakon da aka buga a 2014 ya nuna cewa abin da suke samu a wajen aiki ya ɗara na takwarorinsu da ba a koya wa uwayensu wasan ba da kashi 25 cikin 100. Uwayen nan ba masu ilimi ba ne, ba kuma masu hali ba. Abin da aka yi musu shi ne an je inda suke, an je a kai a kai, an daɗe ana zuwa, kuma ba a nemi su sayi komai ba. Irin wannan aiki yana da tsada, ba ya kuma ba da hoton taro mai kyau da za a sa a rahoto.

A nan ne magana ta dawo kan ma'aikata. Rahoton furoje yakan ƙidaya yawan matan da aka faɗakar da yawan zaman da aka yi, ya yi shiru a kan su wane ne suka zo, su wane ne suka daina zuwa. Wanda ya halarci horon masu horo a otel yana karɓar kuɗin zama. Matar gari da ke bi gida gida ana sallamarta da abin da bai taka kara ya karya ba. Uwar da ta bar dakanta ta zo taro ba a lissafa ranarta da komai. Ya kamata ma'aikatun da abin ya shafa su tilasta wa duk mai kawo irin wannan shiri ya rarrabe sakamakonsa: na gidajen da suka fi talauci daban, na uwaye masu ƙananan shekaru daban, na waɗanda ba su shiga lakkol ba daban, sannan a koma bayan shekara guda a sake aunawa, a kuma buga abin da aka gani ko da bai yi daɗi ba. Ya kamata a daina sa taro a tsakiyar noma. Ya kamata kaka da uwar miji da liman su zama ɗalibai na farko, kuma a bi ta ƙungiyoyin da mata suka riga suka amince da su, irin asusun Mata Masu Dubara da aka fara a jihar Maraɗi tun 1991, inda mace ke samun ɗan jari da bakin magana a lokaci guda. Dakatar da sakin kuɗi da Bankin Duniya ya yi na wani lokaci bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ya isa ya nuna cewa ladan masu ziyarar gidaje bai kamata ya rataya ga aljihun baƙo ba. Wurinsa kasafin kuɗin ƙasa da na kananan hukumomi.

Kada kuma gidajen birni su ɗauka an wanke su. A gidan babban ɗan kasuwa ko na ma'aikaci a Yamai, Maraɗi ko Tawa, sau da yawa wadda ke wuni da jariri ba uwarsa ba ce, ƴar aiki ce mai shekara 12 ko 13 da aka ɗauko daga ƙauye, wadda ba ta taɓa zama aji ba. Ita ke dama madarar gwangwani, ita ke goyo, ita ke lallashi ko duka. Sunanta ba ya cikin jerin waɗanda ake gayyata horo, ba a lissafa ta cikin iyaye, ba a kuma lissafa ta cikin yaran da shirin ya ce zai kare.