Hannu Ɗaya Ba Ya Ɗaukar Jinka: Darasi Daga Masu Binciken Feftayid

Sau da yawa in aka tambayi ɗalibin sakandare wane ne masanin kimiyya, sai ya kawo siffar wani mutum shi kaɗai, sanye da farar riga, kulle a ɗakin gwaji, har ranar da zai fito da abin mamaki. A ganina wannan siffa kuskure ce, kuma tana yi wa yaranmu illa, domin tana sa su ɗauka kimiyya baiwa ce ta ɗaiɗaikun mutane. Tarihin binciken feftayid ya isa hujja a kan haka.

Da farko, mene ne feftayid? Jikin ɗan Adam yana gina furotin ne daga wasu ƙananan sinadarai iri 20 da ake kira amino asid. Ana jera su ɗaya bayan ɗaya kamar 'ya'yan carbi a zare. In jerin gajere ne, wato bai wuce kamar guda 50 ba, shi ake kira feftayid. Sauya ɗa ɗaya tak a cikin jerin yana iya sauya aikinsa baki ɗaya.

Mu ɗauki oksitosin, mai amino asid 9, wanda ke sa mahaifa ta tsuke bayan haihuwa. Littattafai suna cewa Vincent du Vigneaud na Amurka ne ya haɗa shi a 1953, ya kuma sami lambar yabo ta Nobel a 1955. Gaskiya ne. Amma a Jamus, tun a 1901, Emil Fischer da Ernest Fourneau suka fara haɗa amino asid biyu. A 1932 Max Bergmann, wanda ya yi aiki a ƙarƙashin Fischer, tare da Leonidas Zervas, suka gano dabarar toshe bakin amino asid ɗaya don kada ya kama inda ba a so. Shi kuwa du Vigneaud ya taɓa zama a ɗakin gwajin Bergmann, da wannan dabara kuma ya yi aikinsa. Ashe mai karatu ya ga hannu nawa ne suka ɗauki jinkar?

Haka abin ya ci gaba. A 1963 Bruce Merrifield ya fito da hanyar ɗaure amino asid na farko a jikin ƙwayar roba, a riƙa ƙara saura ɗaya-ɗaya, ana wanke datti bayan kowane mataki. Aikin watanni ya koma na kwanaki. Da farko wasu masana sun yi shakkar tsabtar abin da hanyar ke samarwa. Wannan suka ce ta tilasta gyare-gyare, ciki har da dabarar kariya da Louis Carpino da Grace Han suka wallafa a 1970, wadda yawancin masu wannan aiki ke bi a yau. Merrifield ya sami Nobel a 1984, amma masu sukarsa ma suna da rabo a nasarar. A ƙasar Sin kuwa, ayarin masana daga Shanghai da Beijin ne suka haɗu suka haɗa insulin mai amino asid 51 a 1965.

Ina ake yin wannan musayar ra'ayi? A taruka da mujallu. Masu binciken feftayid na Turai sun fara taronsu a birnin Prague a 1958, a lokacin da siyasa ta raba nahiyar gida biyu. Na Amurka suka fara nasu a 1968, suka kafa ƙungiya a 1990. A irin waɗannan wurare ne ƙaramin ɗalibi ke tsayawa gaban manya ya baje sakamakonsa, a yi masa tambayar da ba zai ji daɗinta ba.

Na san akwai masu cewa taron masana ɓarnar kuɗi ce da yawon buɗe ido, gara a sayi kayan aiki. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya, don kuwa akwai masu zuwa taro saboda kuɗin guzuri kawai. Sai dai na'ura ba ta gaya wa mutum ya yi kuskure. Sakamakon da wani bai maimaita ba, bai kuma soka ba, bai cancanci a ɗura wa majiyyaci ba.

Kada a ɗauka wannan zance ne na nesa. Zubar jini bayan haihuwa yana kan gaba cikin abubuwan da ke kashe mata masu haihuwa a duniya, oksitosin kuma shi ne babban maganinsa. Matsalar ita ce dole a adana shi a sanyi, tsakanin digiri 2 zuwa 8. A asibitin ƙauye da ba wutar lantarki, cikin zafin bazara, allurar tana iya rasa ƙarfinta ba tare da ungozoma ta sani ba. Masana suka gyara wasu gaɓoɓi na ƙwayar, da ruwan da ake narkar da ita, aka sami kabetosin mai jure zafi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta jagoranci gwada shi a kan mata kusan 30,000 a ƙasashe 10, har da Nijeriya. Sakamakon da aka wallafa a 2018 ya nuna aikinsa ya yi kusan daidai da na oksitosin. Likitoci da ungozomomi da matan da suka yarda aka gwada a kansu, duk suna cikin wannan jama'a, ko da yake ba mai ba su lambar yabo.

Saboda haka ina kira ga malamai da su daina koyar da kimiyya a matsayin jerin sunayen gwanaye. Ku raba ɗalibai rukuni-rukuni, wannan rukuni ya maimaita gwajin wancan, ya faɗi inda aka kuskure. Ku shiga Ƙungiyar Malaman Kimiyya ta Nijeriya, wadda ke nan tun 1957, ku halarci tarukanta. Ku kuma ɗalibai, ku bar ɓoye wa juna abin da kuka gane, ku koyi karɓar gyara ba tare da fushi ba. Wanda ya saba da haka tun yana aji huɗu, shi ne zai iya zama cikin masana gobe. Allah Ya sa mu dace.