Kada a Ɗora Tashar Zungeru a Kan Sikeli



Mako biyu ke nan muna jin ƙananan maganganu a bakin masallaci da rumfunan kasuwa a kan yaran nan namu na ƙungiyar matasa, waɗanda suka ce za su haɗa kai da takwarorinsu na Kontagora da Wushishi su rubuta wa hukuma takarda a ceci tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Zungeru, in ma ta kama a kwashe abin da ya rage a kai Minna a adana. An yi musu dariya. Wani dattijo da muke girmamawa ya ce, jirgi bai taɓa zuwa Dukku ba, ina ruwan biri da gada? Wani kuma, mai ɗan karatu, ya ce kayan Nasara ne, a bar su su ruɓe. Mun yi shiru a wurin saboda ba a gardama da manya a tsaye, amma shirun ba yarda ba ne. Yaran nan suna da gaskiya a manufa, suna da kuskure ɗaya a hanya, kuma masu yi musu dariya ba su da ko ɗaya.

Da farko, Zungeru ba ƙasar wasu ba ce. Tana cikin ƙaramar hukumar Wushishi, Wushishi kuwa ƙasar Sarkin Sudan ce kamar yadda Rijau take. Duk wanda ya taɓa ɗaukar kaya daga Kontagora ya bi ta Tegina zuwa Minna ya ratsa ta, sai dai in barci yake yi a mota. A 1901 Turawa suka ci Kontagora, Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse ya fita daga garin. A 1902 Gwamna Lugga ya kafa hedikwatar Arewa gaba ɗaya a Zungeru, ta zauna nan har aka koma Kaduna a 1917. Daga wannan ɗan garin aka shirya yaƙin da ya ci Kano da Sakkwato a 1903. A nan aka haifi Azikiwe a 1904, aka haifi Ojukwu a 1933. Kuma layin dogo na farko a duk Arewa a ƙasarmu aka shimfiɗa shi, ɗan siriri, tsakanin Zungeru da Wushishi da Barijuko a bakin kogin Kaduna, don a kwaso kayan da jiragen ruwa suka kawo.

To, mai cewa kayan Nasara ne, muna tambayarsa: wa ya haƙa ƙasar? Da aka amince da layin Baro zuwa Kano a 1907, mil 356, wa ya sare dajin, wa ya ɗauki ƙasa a kwando a ka har jirgi ya shiga Kano a 1911? Nupawa ne da Gwarawa da Hausawa, da yawansu kuma ba da son ransu ba. Ta hannun sarakuna da hakimai aka riƙa ɗibar mutane, a raba su da gonakinsu su je aikin dogo. Bature ya zo da takarda da ma'auni, gumin kuwa na kakanninmu ne. In ka ce a bar tasha ta ruɓe don ƙin Bature, ba Bature ka hukunta ba, shi ya tafi tun 1960. Shaidar wahalar iyayenka ka goge. Kuma mu da muke karanta Alƙur'ani mun san an umarce mu da tafiya a bayan ƙasa mu dubi yadda ƙarshen waɗanda suka gabace mu ya kasance. Wanda ya tsaya a kangon gidan gwamna a Zungeru, inda aka taɓa juya Arewa da alƙalami ɗaya, yau ciyawa ta rufe, ya ji wa'azin da ya fi huɗubar wani limamin ƙauye irinmu.

Mu 'yan kasuwa ma ya kamata mu fi kowa jin kunya. Fataken da suka riƙa kai wata da watanni a hanyar Gwanja da jakuna, jirgi ne ya sauya musu rayuwa: goro ya koma hawa tarago daga Ikko, gyaɗa ta sami hanyar zuwa teku, aka tayar da dala a Kano, irin su Alhassan Ɗantata suka zama abin da suka zama. Gishiri da kananzir da atamfar da iyayenmu suka kasa a kasuwar Dukku, ai ba daga sama suka faɗo ba. A tasha aka sauke su kafin jaki ko mota ta ƙaraso da su.

Yanzu ga inda muka saɓa da yaran. Sun ce a kwashe a kai Minna. Mun gane dalilinsu, kuma ba za mu ɓoye abin da ke goyon bayansu ba. Gadar ƙafa ta Lugga da aka gina a Zungeru a 1904, an ciccire ta an kai Kaduna, tana lambun Ƙofar Gamji, an sa ta cikin kayan tarihi na ƙasa a 1956, tana nan har gobe. Kan jirgin nan na Wushishi, na farko a Arewa, yana ajiye a tashar Minna. Da an bar su a daji, Allah kaɗai ya san ko da sun kai yau. Wannan gaskiya ne. Amma ku duba abin da ya biyo baya: ɗan Kaduna yana ɗaukar hoto a kan gadar bai san daga ina ta zo ba, ɗan Zungeru kuma sai ya biya kuɗin mota kafin ya ga abin garinsu. An ɗauke hedikwata, an ɗauke gada, an ɗauke kan jirgi. Yanzu kuma mu da hannunmu za mu rubuta takarda a zo a ɗauke sauran? Gada ƙarfe ce, ana kwance ta a ɗaura. Tasha kuwa wuri ce. In ka ɗauke ta daga gefen layin da ta yi wa aiki, ɗaki kawai ka kai Minna, irinsa dubu ne a can.

Ga misalin da ya fi dacewa a bi. A Ebute Metta da ke Legas, cikin harabar ma'aikatar jiragen ƙasa, akwai wani tsohon gida da aka gina a 1898, ana ce masa gidan Jaekel. Wata ƙungiya ta masu kishin tarihi mai suna Legacy 1995 ta nemi yardar Hukumar Jiragen Ƙasa, ta gyara shi a inda yake a 2010, ta mai da shi ɗan gidan tarihi, ana kai 'yan makaranta. Ba gwamnati ce ta fara ba, mutane ne. Abin da ya kamata takardar yaranmu ta nema ke nan: a gyara rufi, a sa ƙofa da makulli, a ɗauki mai gadi, ƙananan kayan da ɓarawo zai iya saɓawa a kafaɗa a tara su a ɗaki guda, amma a cikin Zungeru. Garin da ke da madatsar ruwa mai ba da megawat 700 bai fi ƙarfin kwanon rufi da albashin mai gadi ba.

Sai maganar da ba mu so mu yi ba, amma dole. Ba ruwan sama ne kaɗai ke cin kayan reluwe ba, mutane ne. Kowa yana jin labarin tireloli da jami'an tsaro ke kamawa maƙare da ƙarfen dogo an rufe da buhuna. Wanda ya kwance ƙarfen da dare ba a ɗakinsa zai ajiye ba, wurin mai sikeli zai kai. Sana'ar gwangwan halal ce, da yawa daga cikin 'ya'yanmu da ita suke ci da iyali, ba mu raina ta ba. Amma ƙarfen dogo ba ya ɓuya. Ba tsohuwar tukunya ba ce, ba garma ba ce. Duk wanda aka kawo masa shi ya san na jama'a ne, in ya auna ya biya ya sayi kayan sata da saninsa, kuma babu malamin da zai halatta masa. A bara wani yaro ya zo rumfarmu yana tambaya, cikin raɗa, ko mun san mai sayen irin waɗannan kusoshi manya. Mun kore shi, mun kuma kira mahaifinsa. Abin da ya dame mu shi ne yaron bai ga laifin abin ba ko kaɗan. A ganinsa ƙarfen gwamnati ba shi da mai shi. Daga bakinmu ya koyi haka, mu manya, irin ranar da muke cewa a bar kayan Nasara su ruɓe.

Kuma akwai batun suna. Mu baƙi ne da muka zama 'yan gida a ƙasar Dukkawa, shekara da shekaru ana zaman amana. Ranar da aka kama mota da ƙarfen dogo aka ce ta ɗan Zango ce, ba sunan mutum ɗaya za a kira ba.

Saboda haka muna roƙon dattawa su bar yaran nan su yi aikinsu, mu kuma yaran su gyara takardarsu, su cire maganar Minna. Su aika kwafi ga fadar Sarkin Sudan, da Hukumar Jiragen Ƙasa, da hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa, don ginin ba namu ba ne da za mu taɓa shi ba izini. Kafin su aika kuma su je su gani da idonsu, su zauna da mutanen Zungeru su ji abin da su suke so, kada su rubuta a kan garin da ba su taka ba. Mun ɗauki nauyin kuɗin motar mutum biyu. Za a zauna ranar Asabar bayan la'asar a ƙofar masallaci, kuma muna son masu sana'ar gwangwan su zo da kansu, kada su aiko yara.