Jiki Ba Shi Da Rumbun Nama

A Kajuru da kewayenta, magidanta da yawa ba su kai nama gida sai ranar Salla ko Kirsimeti, ran nan kuwa a ci har a ture. Sauran kwanaki tuwon masara ne da miya tsululu. Wasu na zaton naman biki zai riƙe yaro wata da watanni. To, jama'a, a nan aka yi kuskure.

Abincin gina jiki, wato furotin, idan ya shiga ciki, akan narkar da shi ya koma ƙananan sinadarai iri 20 masu suna amino asid. Jini ya rarraba su, ƙwayoyin jiki su ɗebi na gina tsoka da jini. Ragowar fa? Kitse yana da ma'aji, amma wannan ba shi da rumbu. Hanta ce ke farfasa shi, ta mai da gubar da ke fitowa wani sinadari mai suna yuriya, ƙoda ta zubar cikin fitsari. Hans Krebs da ɗalibinsa suka gano yadda hanta ke yin wannan aiki a Jamus cikin 1932.

In aka daɗe babu sabo, sai jiki ya juya ya ci tsokarsa. Yaron da aka yaye shi ya fi shan wuya.

Masara tana da ƙarancin laisin, ɗaya daga cikin 9 da jiki ba ya iya haɗawa da kansa. Wake da waken suya kuwa suna da shi, ga su jibge a Kasuwan Magani, sun kuma fi nama araha. Uwargida ta riƙa sa garinsu cikin kunun yaro kowace safiya.