MAI ƊAKI SHI YA SAN INDA YAKE MASA YOYO

Duk sa'ad da aka tambayi hukuma yawan laifuffukan da ake aikatawa a biranen ƙasar nan, littafin caji ofis take buɗewa. Abin da aka rubuta a ciki shi ne laifi, wanda ba a rubuta ba kuwa kamar bai auku ba. A shekarar 2017 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta tattara rahoton 'yan sanda na Nijeriya baki ɗaya, ta sami ƙararraki 134,663, daga ciki 50,975 a Jihar Ikko kaɗai. To, wane mai hankali zai yarda cewa a ƙasa mai mutane kusan miliyan 200, iyakar ɓarnar da aka yi a shekara guda ke nan?

Ɗan Arewa mazaunin Agege, ko Idi-Araba, ko Sabon Badun, ko Fatakwal, ya fi kowa sanin dalili. In an ƙwace wa ɗan acaba babur da dare, ko an yashe wa mai shayi cinikin yini, sai ya auna: zai bar sana'arsa ya wuni a kan benci, zai yi bayani da harshen da bai iya sosai ba, mai yiwuwa a ce ya kawo kuɗin takarda da na mai, kuma yana tsoron kada mai ƙara ya koma wanda ake tuhuma. Daga ƙarshe sai ya ce ya bar wa Allah. Wannan haƙuri nasa shi ne wasu manya ke karantawa a gaban manema labarai, suna cewa laifi ya ragu.

Tun da daɗewa waɗansu ƙasashe suka gane wannan rami, suka sake dabara. Maimakon a jira wanda aka zalunta ya zo, sai a bi shi har gida. Akan zaɓi gidaje ta hanyar ƙuri'a, malamin ƙididdiga ya zauna da mutanen gidan ya tambaye su: cikin watannin da suka wuce, an yi muku sata? An tare wani a hanya? Kun kai ƙara? In ba ku kai ba, me ya hana? Amurka tana irin wannan bincike tun 1973, kuma ya sha nuna cewa kimanin rabin waɗanda aka far wa da ƙarfi ba sa zuwa wurin 'yan sanda. Ingila ta fara nata a 1982. A nan gida ma, ƙungiyar CLEEN ta Ikko, wadda marigayi Innocent Chukwuma ya kafa a 1998, ta yi shekaru tana bin gidaje da waɗannan tambayoyi.

A watan Disamba na 2024 Hukumar Ƙididdiga ta fito da sakamakon nata binciken, wanda ya duba daga Mayun 2023 zuwa Afrilun 2024. Ta ƙiyasta laifuffuka miliyan 51.89 da suka shafi gidajen jama'a, sama da miliyan 25 daga ciki a birane. Ta ce an biya masu garkuwa da mutane kuɗin fansa Naira tiriliyan 2.23. Ta ce a cikin gidajen da 'yan fashi suka shiga, kashi 36 cikin ɗari kacal suka kai ƙara. Arewa maso Yamma, inda akasarin 'yan ci-rani suka baro iyayensu da matansu, ita ce kan gaba da laifuffuka sama da miliyan 14. Kwanaki kaɗan bayan haka hukumar ta ba da sanarwar an yi wa shafinta na intanet kutse, masu suka kuma suka yi caa, suna cewa alƙaluman ƙage ne.

Masu sukar suna da hujja guda wadda ba a raina ta. Gidajen da aka tambaya kimanin 12,000 ne, don haka amsar gida ɗaya tana tsayawa a madadin dubban gidaje. A laifin da ya zama ruwan dare, kamar satar waya, wannan lissafi yakan zo daidai. A laifin da ba kullum yake aukuwa ba, kamar kisan kai, kuskuren gidaje ƙalilan yakan kumbura ya zama dubbai, shi ya sa adadin kisa 614,937 da rahoton ya kawo ya sa masana da yawa ɗaga gira. Amma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Maganin awon da ya karkace shi ne a ƙara yawan gidaje, a tsaurara tambayoyi, a maimaita aikin kowace shekara har a ga inda ya daidaita. Wanda ya ce a fasa ma'aunin gaba ɗaya a koma ga littafin caji ofis, duhu yake nema, kuma a duhu ɓarawo ke cin kasuwarsa.

Akwai wani giɓi da masu sukar ba su ko kalla ba, shi ne kuwa ya fi shafar mai karanta wannan shafi. Binciken gidaje yana nemo mai gida ne. Ina gidan ɗan dakon da ke kwana a rumfar albasa a Mile 12? Ina gidan mai gadin da ke ɗan ɗakin bakin ƙofa, wanda in malamin ƙididdiga ya zo shi zai buɗe masa ƙofa, a wuce shi a tambayi mai gidan? Ina na samari goma da ke haya a shago ɗaya, su fita kafin asuba su dawo bayan isha'i? Waɗannan su ne suka fi kowa kwana a fili, su ne kuma ma'aunin ya fi saurin tsallakewa. Ranar da rikici ya tashi, kamar na Shagamu a 1999, da Idi-Araba a 2002, da Mile 12 a 2016, da kasuwar Shasha a 2021, ko kisan mafarauta 16 a Uromi a watan Maris na 2025, duniya takan ji. Ƙwace da duka da karɓar kuɗin dole na yau da kullum kuwa babu mai rubutawa. Sakamakon haka, ɗan Arewa yakan fito a takarda in ana neman wanda ake zargi, ya ɓace in ana lissafin waɗanda aka cuta.

Saboda haka wajibi ne Gwamnatin Tarayya ta ware wa wannan bincike kuɗi na dindindin, ta kuma bar masu ƙididdiga su faɗi abin da suka gano ko da bai yi wa kowa daɗi ba. Wajibi ne hukumar ta sa kasuwanni, da tashoshin mota, da zangon shanu, da ɗakunan masu gadi cikin wuraren da ake zaɓa, ta tura masu jin Hausa unguwannin Sabo, ta kuma fitar da adadin kowane babban birni daban.

Sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwa da limamai su ma da nasu nauyin. Su sanar da jama'a cewa malamin ƙididdiga ba ɗan sanda ba ne, ba mai karɓar haraji ba ne, doka kuma ta hana shi bayyana sunan wanda ya amsa masa. In ya yi sallama, a shimfiɗa masa tabarma, a gaya masa gaskiya ba ƙari ba ragi, domin da waɗannan alƙaluma ake yanke shawarar inda za a kai 'yan sanda da fitilun titi. Wanda ya ɓoye ciwonsa ya hana kansa magani. Allah ya tsare matafiya, ya mayar da kowa gida lafiya, amin.