"Da Sauƙi" Gaisuwa Ce, Kada Likita Ya Ɗauke Ta Rahoto

Duk Bahaushen da aka tambaye shi "yaya jiki?" amsarsa ɗaya ce: "da sauƙi", ko da kuwa zogi na neman raba shi da hankalinsa. A matsayina na mai nazarin harshe, na san wannan amsa ta gaisuwa ce, tamkar "lafiya lau" da mutum kan faɗa ko a gidan makoki. Sai dai a ɗakin waɗanda aka yi wa tiyatar ciki, sau da yawa ma'aikaciyar jinya kan ɗauke ta a matsayin bayanin halin da maras lafiya yake ciki, ta wuce gado na gaba, shi kuwa ya kwana yana cizon leɓe. Matar da aka ciro wa jariri ta hanyar tiyata ta fi kowa shiga wannan hali, domin tun tana ƙarama aka koya mata cewa raki abin kunya ne.

Dauriya hali ne na yabo, amma a nan tana da illa. Wanda aka tsaga cikinsa, in zafi ya yi masa yawa, yakan ji tsoron jan dogon numfashi da yin tari, sai majina ta taru a huhu, ta buɗe ƙofar namoniya. Yakan kuma ƙi tashi ya taka, alhali daɗewa a kwance na jawo daskarewar jini a jijiyoyin ƙafa. Ashe kashe raɗaɗi wani ɓangare ne na maganin kansa.

Tsarin da aka saba da shi a asibitocinmu shi ne allura, galibi ta pentazocine, a lokacin da aka rubuta ko in maras lafiya ya nema. Wato sai ya yi magana, sai an same shi da kunnen sauraro, sai an buɗe kabad ɗin magani. Ƙasashen da suka ci gaba sun daɗe da samo wata hanya, wadda likitoci ke kira PCA a taƙaice. Wani likita ɗan Amurka, Philip Sechzer, shi ya fara gwada ta a ƙarshen shekarun 1960, kuma a 1976 aka fitar da na'urar farko ta kasuwa, wadda aka ƙirƙiro a Cardiff ta Birtaniya. Na'urar famfo ce da ake haɗawa da robar ƙarin ruwa, a miƙa wa maras lafiya maɓalli a hannunsa. Da ya ji zafi sai ya danna, ɗan ƙaramin mofin, yawanci miligiram 1, ya shiga jijiyarsa. Daga nan na'urar kan kulle kanta na minti 5 zuwa 10, komai yawan dannawa ba za ta ƙara ba.

Hikimar abin ita ce, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ba sai ya roƙi kowa ba, ba kuma sai ya karya al'adar "da sauƙi" a gaban surukai ba. Ga wani tsaro kuma: idan maganin ya fara yawa, barci kan ɗauke shi, hannunsa ya saki maɓallin.

A nan ne fa nake jan kunnen jama'armu. Mu mutane ne masu cika ɗakin asibiti da 'yan dubiya da masu jinya. Uwa ko miji da ya ga nasa yana juyi cikin barci, ya danna masa don tausayi, ya rushe wannan tsaro gaba ɗaya, domin mofin da ya wuce kima yana danne numfashi har ya kai ga ajali. Saboda haka asibitin da zai kawo na'urar wajibi ne ya tanadi ma'aikatan da za su riƙa duba numfashi, ya ajiye naloxone mai karya ƙarfin mofin, sannan ya yi wa dangi bayani da Hausa tun kafin a shiga tiyata. A faɗa musu har da tashin zuciya da ƙaiƙayi da taurin bayan gida da kan biyo baya, da kuma amfanin haɗa shi da farasitamol don a rage yawan mofin ɗin.

Na san abin da mai karatu zai ce: muna fama da bala'in tiramadol da kodin a Arewa, har gwamnatin tarayya ta haramta maganin tari mai kodin a 2018, yaya za a miƙa wa mutum maɓallin mofin? Tsoron yana da tushe. Amma akwai tazara tsakanin ƙwayar da ake sayarwa a tasha da maganin kwana biyu ko uku da aka kulle cikin na'ura, wadda take lissafa kowace dannawa. Rahoton hukumar da mujallar Lancet ta kafa ya nuna a 2017 cewa rabin mutanen duniya mafiya talauci kusan kashi 1 cikin 100 kawai suke samu na irin waɗannan magunguna. Bai kamata laifin ɗan ƙwaya ya hau kan matar da aka yi wa tiyata ba.

Gaskiya na'urar tana da tsada, kuma tana buƙatar wuta da horarrun ma'aikata. Asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri su ya dace su ja gaba. Kafin nan, akwai abin da ba ya cin ko kwabo: ma'aikaciyar jinya ta gama gaisuwa, sannan ta yi tambaya ta biyu. Daga sifili zuwa 10, ina zafin ya kai? Suka ne, ko murɗa, ko zogi? Hausa ba ta rasa kalmomin ciwo ba, tambayar ce ba a yi. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi na haƙiƙa, amin.