Kwamfutar DJ: Kafin a Ɗora wa Tsufa Laifi

Duk mai zuwa biki a Lambara ko Boɗinga ko Shagari ya san wannan lokacin. An jera kujerun roba, janareto na ruri a bayan katanga, ƙawayen amarya sun shigo fili, sai waƙa ta sarƙe kamar mai in'ina, ta maimaita gaɓa ɗaya sau uku, ta ɗauke. Ido ya koma kan saurayin da ke bayan tebur yana ta danne-danne, 'yar da'irar nan tana juyi a fuskar kwamfuta. Wata daga cikin iyaye ta ɗaga murya, "Kai ɗan nan, kuɗinmu fa muka biya!" Shi kuwa amsarsa ba ta wuce, "Hajiya a yi haƙuri, kwamfutar ce ta tsufa." Washegari ya fara lissafin adashen da zai ɗauka ya tafi Sakkwato, ko ya aika titin Beirut a Kano a sayo masa wata. A ganina mafi yawan waɗannan kwamfutoci an zalunce su. Abin da ke damunsu tarkacen da aka jibga musu ne, da saitin da aka bar su da shi kamar yadda suka fito daga kamfani, kuma duka biyun ana gyara su ba tare da an kashe ko sisi ba.

Sai an san aikin da manhajar DJ take yi kafin a gane dalili. VirtualDJ, wadda ita ce ta fi yawa a hannun matasanmu, da Serato, da rekordbox, duk ba buɗe waƙa kawai suke yi ba kamar yadda waya take yi. Duk waƙar da aka ɗora musu karon farko sai sun karance ta daga farko har ƙarshe, su auna saurin bugun kiɗanta, su gano muryar da aka ɗora ta a kai, su zana hoton igiyar sautinta, sannan su rubuta sakamakon a wani kundi da suke ajiyewa. In an yi wannan awon tun a gida, a filin biki sai dai su duba kundi su ɗauko. In kuwa ba a yi ba, to a daidai lokacin da waƙa ɗaya ke tashi a lasifika kwamfutar na can tana fama da auna ta biyu, ga DJ yana lalube da sauri yana ɗora ta uku. Jaki ne aka ɗora wa buhu uku aka ce ya yi sukuwa. Duk manhajojin nan suna da wurin da za a zaɓi waƙoƙi a ce su auna su gaba ɗaya. A Serato ma maɓallin yana fitowa ne idan ba a jona na'urar haɗa sauti ba, wato masu ita da kansu sun ɗauka aikin gida ne. Dare ɗaya da wuta, ko yini ɗaya a shagon mai cajin waya, ya isa a auna dubban waƙoƙi.

Sai babban nauyin da mutane da yawa ba su ma san suna ɗauke da shi ba. A shekarar 2020 VirtualDJ ta fito da fasahar raba waƙa nan take, ta ware murya daban, ganga daban, sauran kiɗa daban. Serato ta bi sahu a ƙarshen 2022, rekordbox kuma a 2023. Abin burgewa ne, amma aikin ƙarfi ne da aka tsara domin sababbin kwamfutoci masu katin hoto mai ƙarfi. Kwamfutar hannu ta ofis da ta yi shekara goma kafin ta iso Najeriya, mai RAM giga 4, ba za ta iya ba sai da nishi. Kuma a yi wa Allah, a bikin da ake so a ji waƙar Ado Gwanja ko Hamisu Breaker ta tafi ɗungurungum mata su taka, wa ya nemi a cire masa murya? Kashe wannan saiti kaɗai yakan mayar da kwamfutar da aka yanke wa ƙauna tamkar sabuwa. Wanda yake buƙatarsa don wasu 'yan waƙoƙi, akwai damar ya raba su tun a gida ya ajiye.

Haka batun ɗan ma'ajin da sauti ke taruwa a ciki kafin ya fita, wanda suke kira bafa. Waƙa tana tafiya ne da gutsure 44,100 a kowace daƙiƙa. In an saita ma'ajin a kan 256, kwamfuta na da ƙasa da kashi 6 cikin dubu na daƙiƙa ta cika shi, in ta makara a ji ƙaras-ƙaras a lasifika. In aka ɗaga shi zuwa 1024, lokacin ya koma wajen kashi 23 cikin dubu, ta sami sararin numfashi. Ƙaramin ma'aji amfaninsa na ga masu murza faifai da hannu a gidajen rawa na Turai da Legas, waɗanda ke son sauti ya amsa musu kafin ƙiftawar ido. Mai kiɗan biki da ke sauya waƙa bayan minti huɗu ba zai taɓa jin bambancin jinkirin ba, amma kowa a filin zai ji bambancin katsewa.

Wanda ya tsara saitin farko na waɗannan manhajoji yana zaune ne a ɗaki mai sanyi, da wutar da ba ta ɗaukewa, da intanet da ba a lissafa masa data. Lambara kuwa a watan Afrilu zafi na haura digiri 40, a lokacin hunturu kuma ƙura ce ke shiga kowace kafa. Ƙwaƙwalwar kwamfuta in ta yi zafi ta kusa digiri 100 takan rage gudunta da kanta don kada ta ƙone. Shi ya sa za a ga na'ura ta fara aiki lafiya lau da la'asar, bayan awa biyu ta koma rarrafe. A leƙa ƙarƙashinta: galibi an ɗora ta a kan darduma ko mayafin tebur ya toshe ƙofofin iska, fankar ciki kuma ta yi kitso da ƙura. Wasu ma a kan lasifika suke ɗora ta, alhali tsohon faifan ajiya yana juyi ne sau 5,400 a minti da wata 'yar allura tana karantawa, girgizar ganga kuwa tana firgita allurar. Ga Windows da ke rage ƙarfin na'ura da zarar an koma kan batir, sai an shiga an ce mata ta bar shi a cikakken ƙarfi. Ga kuma hotspot da aka bari a kunne, tana ganin intanet ta hau sauke sabuntawa a tsakiyar kamun amarya, ta cinye data ta cinye ƙarfi. Tubali biyu a ɗaga ta, a kashe Wi-Fi, a rufe burauza, a kai wa mai gyara ya busa fanka sau biyu a shekara.

Amma saiti rabin magana ne. Ɗaya rabin yana cikin foldar waƙoƙi, kuma a nan ne laifin ya fi zama namu. A buɗe kwamfutar DJ da dama a gani. Waƙa ɗaya tana nan sau biyar: ɗaya daga Xender, ɗaya daga memorin aboki, ɗaya mai tambarin shafin da aka sauko da ita yana ihu a farkonta, biyu kuma daga WhatsApp da suna irin AUD da jerin lambobi da WA a ƙarshe, babu mawaƙi babu take. A tsakaninsu ga finafinan Kannywood, ga fassarar Indiya, ga hotunan sunan ɗan yaya, duk a folda ɗaya da aka ce wa manhaja ta riƙa sa wa ido. Waƙar minti huɗu a matsakaicin inganci ba ta wuce mega huɗu ba, don haka waƙa 20,000 wajen giga 80 ce kawai, ba wurin ajiya ne matsalar ba. Matsalar ita ce kowane ɗaya daga cikin fayilolin nan layi ne a kundin da manhaja za ta loda duk sanda aka kunna ta, ta kuma bincika duk sanda aka rubuta harafi a wurin nema. Faifan da aka cika maƙil kuma Windows ba ta samun inda za ta juya.

Za a ce, ai dole DJ ya riƙe komai, domin bai san abin da za a tambaye shi ba. Gaskiya ne. A biki ɗaya wani dattijo zai aiko a sa masa Ɗanƙwairo, abokan ango su ce sai Rarara, ƙannen amarya su nemi waƙar da ta fito a TikTok shekaranjiya. Sai dai riƙe komai daban, baza komai a tebur daban. Mai shagon da ke bakin titin Sakkwato zuwa Jega yana da sito a baya, abin da ake saye kullum kawai yake jerawa a kanta. Biki na awa biyar, in an ba kowace waƙa minti huɗu, bai ci waƙa tamanin ba. Waƙa dubu ɗaya da aka tace, aka auna, aka sa wa suna, aka rarraba gida-gida, na shigowar amarya, na iyaye, na liƙi, na samari, ta wadatar da shekara guda. Ragowar su zauna a faifan waje, a jona shi in buƙata ta taso.

Tunda an ambaci Ɗanƙwairo, akwai wani abin lura a nan. Manhajojin nan an gina su ne a kan kiɗan inji mai bugu ɗaya daga farko zuwa ƙarshe. Kotson Narambaɗa ko kalangun Shata hannun mutum ne, yana sauri yana lafawa yadda waƙa ta ja shi, ga kuma ɗaukar tsohon kaset da ke da nata rangaji. In aka ce manhaja ta auna su sai ta fitar da lamba ta ƙarya, wani lokaci ta ninka, wani lokaci ta raba biyu, in kuma aka danna maɓallin daidaita bugu sai ta ja muryar makaɗin ta ɓata. Irin waɗannan a ware musu gidansu, a bar su su tafi yadda aka rera su. Abin da suka fi buƙata daga DJ shi ne a rubuta sunan makaɗi da na wanda aka yi wa waƙar, domin da yawansu a irin waɗannan kwamfutoci da na masu tura waƙa a tasha kaɗai matasa ke cin karo da su.

Za a kuma ce wata kwamfutar fa da gaske ta tsufa, kuma Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025. Ban musa ba, akwai wadda ta gama yayi. Amma a duba farashi. Kafin Yunin 2023 dala a hukumance tana wajen naira 460, a 2024 ta haura 1,500, kuma kowace kwamfuta, sabuwa ko tokumbo, da dala ake shigo da ita. In dole sai an kashe kuɗi, a cire tsohon faifan mai juyi a sa SSD, wanda ba shi da allura balle girgiza ta dame shi, a ƙara RAM ta kai giga 8. Wannan ɗan kaso ne na kuɗin wata kwamfutar, kuma bambancinsa a fili yake tun daga kunnawa. Batun Windows 10 kuwa ya fi shafar mai shiga banki da imel da na'urarsa. Wadda aka keɓe wa kiɗa, ba ta hawa intanet, babbar barazanarta filas ɗin mutane ne da ake cusa mata a filin biki, masu ɗauke da cutar nan da ke mayar da foldoji gajerun hanyoyi. Wanda ya sayi sabuwa ya kwafe tsohon tarkacensa ya zuba mata, ya bar saitin yadda ya same shi, cikin 'yan watanni zai dawo inda ya baro, ga bashin adashe a wuya.

Saura wata magana da ba a son faɗa. Da yawan manhajojin da ke hannun matasa fasassu ne, an sauko da su daga shafukan da ba a san masu su ba, kuma wasu na zuwa da ɓoyayyun baƙi da ke cin ƙarfin na'ura a bayan fage. Babu saitin da zai gyara wannan. Na san kuɗin lasisi da dala ba wasa ba ne ga wanda ake sallama da abin da bai taka kara ya karya ba. Akwai Mixxx, wadda kyauta ce ɗungum bisa ƙa'ida, ba ta da nauyi, tana kuma yin duk abin da kiɗan biki ke buƙata.

Wanda ya yi wannan wahala ta tacewa da aunawa, kada ya manta kundin da sakamakon yake ciki. A VirtualDJ wani ɗan fayil ne mai suna database.xml, a Serato kuma folda ce mai sunan manhajar a cikin foldar waƙoƙi. Masu gyara kuwa saurin goge Windows gare su, da an kai musu ƙara sai su ce a yi fomatin. A kwafe kundin tare da waƙoƙin a faifan waje kafin a miƙa musu kwamfutar.