Tsakanin Na'ura da Alƙalin Wasa: Wa Ya Cancanci Yanke Hukunci a Wasan Besbol?

 Yau zan ɗauke ku zuwa ƙasar Amurka, inda aka daɗe ana tafka muhawara a kan wasan besbol. Na san wasan ba ya cikin waɗanda muka saba kallo a nan gida, amma tambayar da ta haddasa muhawarar ta shafi duk wanda ya taɓa jin an yi masa rashin adalci a filin wasa: idan na'ura ta fi idon mutum gani, shin ya kamata a karɓe hukunci daga hannun mutum a miƙa mata?

Bari in fara da bayanin yadda abin yake. A wasan besbol, mai jifa yana tsayawa a tazarar kimanin mita 18 daga mai bugu, ya jefo masa ƙwallo, shi kuwa ya yi ƙoƙarin dukanta da kulki. A gaban mai bugu akwai wani farin faranti a ƙasa mai faɗin inci 17. A saman farantin nan ake ƙaddara wata taga wadda ba a zana ta ba, ba a kuma ganinta. Idan mai bugu bai kai duka ba, alƙalin wasa ne zai faɗi ko ƙwallon ta bi ta cikin tagar, wato sitiraik, ko ta kauce, wato bol. Sitiraik uku sun fitar da mai bugu, bol huɗu kuwa sun ba shi damar wucewa zangon farko kyauta. Gudun ƙwallon yakan haura kilomita 150 a awa, tana isowa cikin ƙasa da rabin daƙiƙa, sau da yawa kuma tana lanƙwasa a hanya. Irin wannan hukunci alƙali yake yankewa fiye da sau 100 a wasa guda.

Masu son a miƙa wa na'ura aikin suna da hujja mai ƙarfi. A shekarar 1997, a wani babban wasa tsakanin Florida Marlins da Atlanta Braves, alƙali Eric Gregg ya faɗaɗa tagarsa ƙwarai, har mai jifa Liván Hernández ya fitar da mutum 15. Jifan ƙarshe da aka fitar da Fred McGriff da shi ya kauce wa farantin nesa, kowa ya gani a talabijin. Har yau ana ba da misali da wannan rana. Kuma tun da aka soma bin sawun kowace ƙwallo da kyamara, an lura cewa alƙalai sukan ƙuntata tagar idan saura sitiraik ɗaya mai bugu ya fita, su buɗe ta idan saura bol ɗaya ya wuce. Ba da mugun nufi suke yi ba, halin ɗan'adam ne. To amma ɗan wasan da abincinsa ya dogara da wannan hukunci ba zai ƙoshi da wannan uzuri ba.

Saboda haka aka shiga gwaji. A 2019 gasar Atlantic League ta fara amfani da na'ura, tana raɗa wa alƙali hukunci ta abin sauraro da ke kunnensa. Daga nan gwajin ya bazu zuwa ƙananan gasanni. Koriya ta Kudu kuwa ba ta tsaya wata-wata ba, a 2024 babbar gasarta, KBO, ta bar wa na'ura hukuncin kowane jifa. Ita kuma babbar gasar Amurka, MLB, sai ta bi hanyar tsakiya. A watan Satumba na 2025 ta amince cewa daga kakar 2026 alƙali zai ci gaba da yanke hukunci, amma kowace ƙungiya tana da damar ƙalubalantarsa sau biyu. Mai jifa ko mai bugu ko mai cafke ƙwallo ne kaɗai ke da wannan iko, ta hanyar dafa kai nan take, ba tare da shawarar koci ba. Sai kyamarorin Hawk-Eye su nuna hanyar da ƙwallon ta bi a babban allo. In ɗan wasa ya yi gaskiya, damarsa tana nan, in bai yi ba, ta tafi.

A ra'ayina, wannan hanya ta tsakiya ita ce daidai, kuma dalilina na farko ya shafe mu a matsayinmu na ɗaliban harshe. Dokar wasan da kalmomi ta bayyana tagar: daga tsakiyar tazarar da ke tsakanin kafaɗa da ƙugun wando zuwa ƙasan ƙoƙon gwiwa, gwargwadon tsayuwar mai bugu sa'ad da yake shirin duka. Na'ura ba ta san wannan magana ba, lamba take ci. Dole sai da mutane suka zauna suka fassara mata dokar. Suka ce saman tagar kashi 53.5 cikin 100 na tsawon ɗan wasa ne, ƙasanta kashi 27, kuma a tsakiyar farantin za a auna. A shekarun gwaji an sha sauya ma'aunin, domin na'ura takan kira wasu jifa sitiraik alhali 'yan wasa da 'yan kallo ba su taɓa ɗaukarsu haka ba. Duk wanda ya yi darasin fassara ya san cewa mai fassara zaɓi yake yi. Ashe ke nan hukuncin na'ura ma hukuncin mutane ne, sai dai su a ofis suka yanke shi tun kafin a fara wasa. Don haka kada a ruɗe mu da cewa na'ura gaskiya ce tsantsa da ta faɗo daga sama.

Dalili na biyu shi ne gwaninta. Mai cafke ƙwallo yakan shafe shekaru yana koyon yadda zai karɓi jifan da ke bakin taga cikin natsuwa, har alƙali ya ga kamar ya shiga. Wasu suna kiran wannan wayo, amma ai wayo ma wani sashe ne na wasa. Idan na'ura ta karɓe komai, wannan sana'a ta mutu a rana ɗaya. Tsarin ƙalubale bai kashe ta ba, ya ma ƙaro wata dabara: yaushe zan kashe damata, yanzu ko in adana ta sai wasa ya yi zafi? A gwajin da aka yi a wasannin share fage na 2025, ƙalubalen da suka yi nasara sun ɗan haura rabi ne kawai. Wannan ya nuna cewa ɗan wasan da ke kumfar baki shi ma kusan rabin lokaci ba shi da gaskiya. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Dalili na uku kuwa shi ne na'ura ba ta maganin rashin amana. A watan Afrilu na 2024, a wani wasa tsakanin NC Dinos da Samsung Lions a Koriya, na'ura ta ce sitiraik, alƙali ya kira bol. Da aka yi ƙorafi, sai aka jiyo alƙalan ta makirufo suna shirya yadda za su rufe kuskuren, aka kuwa sallami shugabansu daga aiki. Tsarin Amurka ya fi wannan fitowa fili, tunda gyaran a gaban dubban 'yan kallo ake yinsa.

Na san wani zai ce, idan dama biyun suka ƙare fa, sannan alƙali ya tafka kuskure a jifan ƙarshe? Wannan tambaya ce mai nauyi, kuma tabbas hakan zai faru. Amma gyaranta shi ne a duba yawan damar, a kuma riƙa auna aikin alƙalai ana ba ƙwararru manyan wasanni. Ba a ƙona rumbu don ɓera ya shiga. Gasar tanis ta Wimbledon ta sallami alƙalan layi a 2025, hakan kuma ya yi mata sauƙi domin layinta fari ne a ƙasa, kowa yana ganinsa. Tagar besbol kuwa a iska take, tana kuma sauyawa daga ɗan wasa zuwa ɗan wasa.

A ƙarshe, mu da muke kallon ƙwallon ƙafa mun ga yadda VAR ta shigo gasar cin kofin duniya a 2018, amma gardama ba ta ƙare ba, wuri kawai ta sauya. Abin da ɗan wasa ke buƙata shi ne alƙalin da zai iya kallon idonsa, da kuma ƙofar ɗaukaka ƙara idan an zalunce shi. Tsarin ƙalubale ya ba shi duka biyun. Wanda yake da wani ra'ayi daban, filin nan a buɗe yake, sai ya ɗauki alƙalami.